Bindigar Bayan Tudu

Karantina, Jidda
Zulƙida 1392

Zuwa ga ɗana Abdulghani, a Bolonya ta ƙasar Italiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kana kuma tsare sallarka a wannan sanyi da kake ba mu labari. Ni lafiyata ƙalau. Yayarka da 'ya'yanta suna gaishe ka, ƙanwarka Mastura ma haka. Saura babanka, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba, don ban saba ba.

Bayan ƙaramar salla ya faɗi a shagonsa na Bab Makka, rediyon wani a buɗe a gabansa. Na'ibi mai shayi ne ya ji faɗuwarsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. An sallamo shi daga asibiti, yana gida. Yana haɗiye kunu, idonsa a buɗe, amma ba ya bin kowa da kallo. Na tambayi likita ko yana gane abin da ake faɗa. Ya ce Allah ne masani, amma kada mu sa rai.

Ana cikin haka takardarka ta iso, wadda ka rubuta masa kana murna wai ka gano ƙauyen Markoni, wanda ya ƙago rediyo, yana nan kusa da garin da kake, kana so babanka ya roƙar maka ni in bar ka ka je yini guda. Na zauna a kansa na karanta masa ita tun daga sallama har sa hannu. Ko ƙifta ido bai yi ba.

Ba sai ka maimaita mini labarin ba, na ji shi a gidan nan har ya ishe ni. Saurayi a ɗakin saman gidan ubansa ya aika saƙo ba tare da waya ba, ɗan'uwansa yana bayan tudu da bindiga, an yi da shi in saƙo ya iso ya harba, kuma ya harba. Saboda labarin nan ne babanka, duk rediyon da ya gyara, da zarar ta yi magana sai ya daki tebur sau ɗaya ya ce bindiga ta tashi. Kofunan shayin Na'ibi da suka fashe a kan teburin nan ba su ƙirguwa.

Ga amsata, tunda ni ka sa a roƙa. Ban yarda ba. Kamfanin tayil ya tura ka ka koyo aikin injinsu, bai tura ka leƙen gidajen mutane ba. Na san abin da mutanen can suke yi da ranar Lahadi, su hau tudu da kwalabe. Kuma da hannunka ka rubuta cewa a ƙofar gidan aka binne mutumin. Kai da rabonka da Madina tun kana firamare, kai ne za ka wanke ƙafa ka nufi kabarin Bature, ubanka yana kwance? In kana da yinin da ba ka san abin da za ka yi da shi ba, ka zauna a ɗaki ka yi masa addu'a.

Kada kuma ka ce za ka baro karatun ka taho. Ba abin da zuwanka zai ƙara yanzu.

Hausarka tana lalacewa, rabin takardarka Larabci ne. Ka gyara.

Mahaifiyarka,
Barakatu

*

Bolonya
Disamba 1972

Zuwa ga Umma, tare da ladabi da biyayya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jinya. Ina gaida Yaya da Mastura da Baba Na'ibi, Allah ya saka masa da alheri. Ni lafiya nake, sai dai tunda na karanta takardarki ban iya tsayuwa a gaban inji ba, har usta, mai koya mana aikin, ya ce in koma ɗaki.

Umma, kin ce ba abin da zuwana zai ƙara. Na karanta wannan layi ya fi a ƙirga. In Baba ya rasu ne kike lallaɓa ni, ko daktur ya ce halas, magana ta ƙare, jira kawai ake yi, don Allah ki gaya mini. Na fi son in sani.

Da na san halin da ake ciki da ban rubuta waccan takarda da wasa a ciki ba. Amma ki ba ni dama in ƙara magana sau ɗaya, in kin sake cewa a'a, shi ke nan, ba zan taka ƙauyen ba. Wallahi ba kabari nake son gani ba. Tudun nake son gani. Kin san hoton gidan da Baba ya yanko daga wata mujalla ya liƙa a saman teburinsa, wanda hayaƙin dalma ya sa ya yi ja. Tun ina ƙarami yake nuna mini da tsinken sukudireba yana cewa tudun yana nan ta baya, ba a ɗauko shi a hoton ba. Bai taɓa ganinsa ba, Umma. Shekara da shekaru yana dukan tebur saboda tudun da bai taɓa gani ba, ga ni kuma Allah ya ajiye ni inda bas ɗaya za ta kai ni gindinsa.

Ustan da ke koya mana ɗan wannan kwari ne. Ya ce sunan ƙauyen Fontekiyo, ana bin gefen kogi ne, tafiyar ba ta kai daga Jidda zuwa Makka ba. Ya zana mini hanya a bayan kwalin tayil. Bas tana tashi da safe, ta ƙarshe tana dawowa kafin duhu. Lahadin farko ta watan Maris ce kaɗai ranar hutun da ta rage mini, daga ita sai gwaji, daga gwaji sai jirgi.

Ga abin da na yi tunani. Ƙaramar rediyon da Baba ya haɗa mini, mai jakar fata, tana nan. A ɗakina ba ta kama tashar gida, sai shuu kawai, gine-gine sun yi yawa. Usta ya ce a kan tudu wataƙila ta kama. Ina so in je bayan tudun, inda mai bindigar ya tsaya, in nemi kiran sallar magariba na Makka. Ku kuma ku kunna masa taku a gida, ki gaya masa inda nake. Ni da shi mu ji ladan ɗaya a lokaci ɗaya. In akwai abin da zai isa wurinsa, ina jin wannan ne.

Ina jiran izininki. Ba zan je ba sai da shi.

Ɗanki,
Abdulghani

*

Karantina, Jidda
Muharram 1393

Zuwa ga Abdulghani.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An yi aikin hajji lafiya, baƙinmu na Zariya sun cika gida sun watse. Takardarka ta maƙale a gidan waya tare da na alhazai, sai shekaranjiya ta zo hannuna, don haka ban sani ba ko wannan za ta riske ka kafin Lahadin taka.

Babanka yana raye, yana nan yadda na gaya maka, bai ci gaba ba bai koma baya ba. Yaushe ka taɓa jin na lallaɓa wani? Cewa na yi zuwanka ba zai ƙara kome ba domin ba likita ba ne kai, kuma masu juya shi sun isa. In akwai mutuwa zan rubuta mutuwa. Ka daina karanta abin da ban rubuta ba.

Yanzu batun tafiyarka. Da takardarka ta zo a kan kari da na sake cewa a'a. Amma wani abu ya faru a tsakani. Na'ibi ya ga ƙura tana cin kayan shago, ya ɗauko babbar rediyon ya kawo gida, muka ajiye ta kusa da gadon babanka. Ka san ban taɓa taɓa ta ba, aikin maza na ɗauke ta. Ran nan bayan la'asar na ce bari in nemo masa karatun Alƙur'ani. Ina murɗawa na wuce Baturke, na wuce Ba'indiye, na wuce wani mai kaɗe-kaɗe, sai ga wata mata tana Hausa daga Kaduna, tana karanta gaisuwar masu sauraro. Ta gaida wasu mutane a Ƙofar Doka ta Zariya. Hannuna ya tsaya.

Abdulghani, ni na san nisan Ƙofar Doka da ɗakin nan, da jikina na auna shi. Watanni muka yi a bayan manyan motoci, muka ƙetare Chadi, muka ƙetare Sudan, muka binne wata tsohuwa a hanya, muka yi zaman jiran jirgin ruwa har tufafinmu suka koɗe. Wannan mata kuwa kafin ta rufe bakinta muryarta ta gama duk tafiyar nan, ta ƙetare teku, ta shigo ta bango, har ina jin tana jan numfashi. An koya mana wannan a makarantar 'yan mata, na rubuta shi a jarrabawa na ci. Amma ban taɓa jin tsoron Allah a kansa ba sai ranar. Ashe tun zamanin Annabi Adamu hanyar nan tana shimfiɗe a iska, ba wanda ya gan ta, sai da Allah ya ga dama ya nuna wa wani yaro a ƙauye. Na dubi babanka na ji kunya. Na daɗe ina ɗaukar dukan teburinsa wauta.

Kullum ina zama a kansa ina magana, ban san ko tana isa ba. Ka je. Amma ka ji sharuɗɗana.

Ka tafi kai kaɗai, ban yarda da rakiyar 'yan Lahadi ba. Ka yi guzurinka daga ɗaki, burodi da dafaffen ƙwai da dabinon da na aiko maka, kada ka ci naman kowa. Ka sa safa biyu. In ka zo kabarin ka wuce, ba rusunawa, ba cire hula, kuma ba zagi, mutum ne da Allah ya ba wani abu. Kada ka haura katangar mutane. In an ce a rufe yake, a rufe yake. Kada ka ɗebo ƙasa ko tsakuwa wai tsaraba. Bana ma sai da na zazzage ƙullin ƙasa daga jakar wata Hajiya da ta dawo daga Madina, ba zan hana baƙi in bar ɗana ba. Ka tambayi alƙibla tun kafin ka fita, ka riƙe alwalarka.

Kuma ka kula da wannan. Lokacin da za a kira magariba a Makka, ku can rana ba ta faɗi ba. Ka saurara, ka amsa wa ladan, amma kada zumuɗi ya sa ka ta da salla. Magaribarka tana tare da ranarka.

Mu a nan zan sa a yi masa aski, in kunna rediyo, in gaya masa inda kake. Sauran na Allah ne. Kada ka bari bas ta ƙarshe ta wuce ka.

Mahaifiyarka,
Barakatu

*

Bolonya
Maris 1973

Zuwa ga Umma.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, ina gaida Baba. Lafiyata ƙalau. Takardarki ta iso ana gobe Lahadi, na riga na fid da rai. Don Allah ki karanta wa Baba wannan a hankali, kada ki tsallake kome.

Baba, na je.

Bas ta bi gefen kogi, hazo ya rufe ko'ina, sai da muka yi nisa ya fara yayewa. Gonakin inabi ne hagu da dama, duk an datse su, ba ganye ko ɗaya. Direba ya sauke ni ya nuna mini sama da haɓarsa. Kabarin yana bakin hanya, an gina shi cikin gindin gangare. Na wuce shi yadda Umma ta ce. Gidan yana samansa, shi ne dai na hotonka, sai dai ba ja ba ne. Ƙofa a rufe take. Wata tsohuwa mai shara ta ga na daɗe a tsaye, na ce mata "rediyo" na nuna sama, ta yi dariya ta ja ni gefe ta nuna mini taga a hawa na ƙarshe. Ta ce a ɗakin nan da can tsutsar siliki ake kiwo. Baba, tagar ba ta fi ta ɗakin girkinmu ba. Na tsaya ina kallonta ina tuna duk rediyon da ta bi ta hannunka, da jiragen ruwan da ke kiran tashar Jidda daga tsakiyar teku, wai duk ta wannan 'yar taga suka fito.

Tudun yana baya, yadda ka ce. Yadda kake ba da labarinsa na ɗauka ya kai Jabalin Nur. Ƙarami ne, Baba, ciyawa ce da 'yan itatuwa, akuya ba za ta yi haki a kansa ba. Na bi ta gefen gona, taɓo yana kama takalmina, har na zagaya bayansa. Ina waiwaye gidan yana nutsewa, rufin ya rage, sannan ya ɓace. Nan na tsaya. Ba a ganin kome sai tudu da sama. Na ci guzurina, na yi azahar, na yi la'asar, na zauna jira.

Da lokaci ya matso na zaro eriya, na ɗaura 'yar wayar da ka naɗa mini a jikin wayar shingen inabi. Shuu. Sai fito, sai wani yana surutu da Faransanci. Na yi ta murɗawa kaɗan-kaɗan yadda ka koya mini, da gefen yatsa, ina riƙe numfashi. Hannuna ya ƙage don sanyi. Har na ce halas, ba rabo. Sai muryar ta fito. Can ƙasa take, tana zuwa tana komawa kamar ruwan teku a bakin gaɓa, amma ladanin Makka ne, ba shakka. Rana tana sama a nan, inuwata ba ta gama miƙewa ba, ga magaribar gida a tafin hannuna. Wani manomi da karensa suna wucewa, ya tsaya, ya cire hularsa har aka gama, bai san ko mene ne ba.

Ba tebur a wurin, Baba. Turken shinge na daka, sau ɗaya. Kare ya yi haushi.

Umma, ban ta da salla ba sai da ranata ta faɗi. Amma bas ta wuce ni, don na kasa tashi daga wurin. Wata motar madara ce ta rage mini hanya. Takalmana kuwa ba a magana, taɓon ya bushe a jikinsu kamar siminti.

Ki gaya mini gaskiya, ya ji?

Ɗanki,
Abdulghani

*

Karantina, Jidda
Safar 1393

Zuwa ga Abdulghani.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kowa yana gaishe ka. Ka tambayi gaskiya, ga ta yadda ta faru.

Ranar Lahadin an yi masa aski, na sa masa farar riga, muka jingina shi da matasai. Na gaya masa ɗansa yana bayan tudun Markoni da ƙaramar rediyo. Aka kira salla, aka gama. Bai motsa ba. Na kashe rediyo na yi sallata, na ce wa kaina, Barakatu, da girmanki kin biye wa yaro. Ban rubuta maka ba domin ba ni da abin rubutawa.

Jiya da hantsi takardarka ta zo. Yayarka tana nan, Mastura tana nan, Na'ibi ya shigo duba shi ya kawo shayi, faranti yana kan kujera ta hagunsa. Na karanta a hankali yadda ka roƙa, ban tsallake kome ba, har da Larabcinka. Na wuce taga, na wuce akuya. Da na zo inda ka ce sai muryar ta fito, na ga hannunsa na hagu yana ɗagawa. Na ɗauka ƙuda ne ya dame shi. Hannun ya yi sama yana rawa, ya tsaya, sannan ya sauko a kan farantin da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Kofuna biyu suka fashe.

Sai Na'ibi ya ce a hankali, "Bindiga ta tashi." Babanka ya juyo da idonsa ya dube ni. Tun ƙaramar salla bai dube ni ba.

Ka san ni, ban yarda da abu don ina son sa ba. Na ce, "Malam, in kana ji na, ka sake bugawa." Ya ƙi, ya ɗaure fuska. Na'ibi yana tsince kwalba yana share ido ya ce, "Hajiya, yaushe kika ga ya yi duka biyu a rediyo ɗaya?" Na ce to me ya hana shi ranar Lahadi? Ya ce, "Ranar ai tamu ya ji, ya san tamu tana aiki, shi ya gyara ta. Ta yaron yake jira ya ji ko ta kama."

Yau da safe na murɗa masa tasha ban daidaita ta ba, ya yi ta gurnani har sai da na gyara. Likita ya zo ya gani, ya ce subhanallah, ya rubuta wani abu. Har yanzu ba magana, kuma ban ce maka za ta dawo ba. Amma yana nan, Abdulghani. Duk watannin nan yana nan, yana jin mu. Ya ji takardarka ta farko, ya ji ni ina faɗin abin da zan amsa maka. Tunda kuwa yana ji, na daina yi masa raɗa kamar jariri, yau ma na yi masa faɗa a kan kunun da ya bari.

Kai kuma, na ce kada bas ta wuce ka, ta wuce ka. Ka shiga motar mutumin da ba ka sani ba a ƙasar da ba taka ba. Za mu yi wannan magana in ka dawo. Ka mai da hankali ga gwajinka.

Maganar ɗebo ƙasa tana nan yadda na faɗa, ban janye ba. Amma takalman nan kada ka wanke su. Ka naɗe su a jarida ka sa a ƙasan akwati. Babanka zai so ya ga launin ƙasar.

Mahaifiyarka,
Barakatu